Shekara Huɗu a Bencin Baya

Yammacin Asabar a gidan Sakataren coci ba ya canja kama. Auta na tsaye a bakin tebur tana gugar farar rigar zumunta ta Mama. Mama na zaune a doguwar kujera, ta miƙe ƙafarta ta hagu kan matashi, sandarta jingine da bango. Baba kuwa ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci yana bitar sanarwar da zai karanta gobe a coci. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki, amma har yau sai ya fara karanta wa mutanen gida tukuna, sai ka ce ɗalibi mai shirin jarrabawa.

"Zumuntar mata, Talata ƙarfe huɗu," in ji shi, yana gyaran murya. "'Yan kwaya, firaktis na waƙa Laraba da Juma'a, ban da latti. Matasa za su wanke motar coci Asabar mai zuwa, kowa ya zo da bokitinsa." Sai ya dakata, ya ɗago kai yana murmushi har kunne. "Ga babbar a ƙarshe. Sanarwar aure, karo na farko!"

Yaya, wanda ke bakin ƙofa yana goge takalmi, ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Aurensa ne, shi da 'yar malamin kwaya. A cocinsu ba a ɗaura aure sai an karanta sanarwa Lahadi uku a jere, kowane karo kuma a tambayi jama'a ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana.

Auta ta kafe dutsen guga a gindinsa. Ta daɗe tana haɗiye maganar, yau dai ta ƙi haɗiyuwa.

"Baba, ni fa?"

"Ke me?"

"Tawa sanarwar. Yaushe za ka karanta ta?"

Murmushin Baba ya bushe nan take. Ya cire tabarau ya ajiye a kan takarda.

"Ranar da wancan mai taurin kan ya tashi daga bencin baya. Kin san doka ko ba ki sani ba? Wanda yake cikin horo ba a karanta masa aure. Ni zan fara karya ta, a kan mutumin da ya mayar mini da uwarki haka?" Ya nuna ƙafar Mama da yatsa. "Dube ta! Dube ta da kyau, sannan ki sake tambayata!"

"Baba, hatsari ne..."

"Hatsari ne ya ɗinke masa baki? Kalma nawa ce? Ni na yi, ku gafarta mini. Ko yaron makarantar Lahadi ya iya faɗa!"

Auta ta juya wajen Mama tana neman agaji. Mama ta kawar da kai tana gyara matashin da ba abin da ya same shi. Yaya ya kwashi takalmansa, ɗaya a goge ɗaya ba a goge ba, ya yi waje. Kullum haka suke yi in an ambaci wannan magana, Auta kuma kullum tana ɗaukar abin a kan ba sa son tuna baƙar rana. Ta ci gaba da guga, hawayenta na ɗiga kan farar riga, dutsen na shanye su.

Ga yadda abin ya faru. Shekara huɗu da suka wuce, wata Asabar, matan zumunta suka dafa abincin da suka saba kai wa gidan marayu duk ƙarshen wata. Farar bas ɗin coci tana tsaye a bayan kicin, Mama, wadda ita ce Uwar Zumunta, shugabar matan coci, tana bayanta tana jera kuloli a jikin katanga. Ba wanda ya ga yadda aka yi. Ƙara kawai aka ji, da ihu guda ɗaya. Da mata suka fito a guje, sai ga Dogo, direban coci, a kan sitiyari yana kokawar janye motar daga jikin katanga, Mama kuma kwance a sume, ƙafarta ta dagargaje.

A lokacin saura wata uku a karanta sanarwar Dogo da Auta. Ba wanda ya ce da gangan ya yi. Abin da dattawan coci suka nema shi ne abin da ake nema daga duk wanda ya yi laifi a fili: ya tsaya gaban jama'a, ya faɗi laifinsa da bakinsa, a yi masa addu'a, magana ta ƙare. Dogo ya tsaya, ya riƙe makirufo da hannu biyu, ya ce, "Ina baƙin cikin abin da ya faru da Mama." Daga nan bai ƙara ba. Fasto ya lallaɓa shi, dattawa suka yi masa faɗa, Baba ya buga tebur a mitin ɗin kwamiti har ruwan kofi ya zube. Dogo bai ce shi ya yi ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Aka ce girman kai ne, aka karɓe makullin mota, aka nuna masa bencin baya.

Wanda bai san bencin baya ba zai ɗauka katako ne kawai a jikin ƙofa. Mai zama a kansa ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya waƙa a kwaya, ba ya magana a gaban jama'a, in an tashi gaisuwar salama ma hannaye kan ƙare kafin su iso gare shi. Galibi wata biyu ake yi a kansa, mai ƙarfin hali ya yi shida. Wasu kuma sukan yi zuciya su canja coci. Dogo bai canja ba, bai kuma fasa Lahadi ko ɗaya ba. A shekara ta uku tsohuwarsa ta rasu, wadda ta yi shekara ashirin tana sharar cocin nan. Akwatinta na gaba, ɗanta tilo na can jikin ƙofa, wani ne ya tashi ya yi wa jama'a godiya a madadinsa. Ranar Auta ce za ta rera waƙa ita kaɗai, ta buɗe baki murya ta ƙi fita.

Lahadi ta zo, Baba ya karanta sanarwar Yaya da murya mai ƙarfi, mata suka yi guɗa. Daga kujerun kwaya Auta tana hango Dogo can baya, ya fi kowa tsawo ko a zaune, yana tafi tare da jama'a. Wannan tafin ya fi komai ci mata rai.

Ranar Talata da rana ta same shi a garejin da yake aiki tun da aka karɓe makulli. Yana kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa sun yi waje kusan rabin hanya. Ta shuri takalminsa.

"Fito, magana za mu yi."

Ya fito yana goge hannu da tsumma. "Auta, da ranar nan? Zauna ga benci."

"Kada ka ƙara ce mini benci! Na gaji da benci!" Ta zauna duk da haka. "Dogo, shekarata ashirin da takwas. Waɗanda na koya wa karatu a makarantar Lahadi sun fara kawo mini katin aurensu. A kwaya an daina tambayata ma, tausayina ake ji. Don Allah, don darajar tsohuwarka, ka tashi ranar Lahadi ka faɗi kalmomin nan. Minti ɗaya ne. Ko ba su kai zuciyarka ba, ka faɗa!"

"Ba zan iya ba."

"Me ya sa?"

"A gaban bagade ne, Auta. Abin da na faɗa a can, Allah nake faɗa wa."

"To ba kai ka yi ba ne?"

Ya yi shiru, yana murza tsumma a tsakanin yatsunsa. Wannan shirun ta sani, shekara huɗu suna zaune tare da shi kamar mutum na uku.

"Kullum haka! In tambaye ka hagu ka yi shiru, in tambaye ka dama ka yi shiru. Wai ni ce ban kai ka sauke girman kai saboda ni ba?"

"Kin kai, kin wuce." Ya ajiye tsumman. "Shi ya sa ma na yanke shawara. Wani kamfanin manyan motoci ya ɗauke ni, can nesa. Litinin ɗin bayan sanarwar Yayanki ta uku zan tafi. Na cinye miki shekara huɗu, ba zan ci ta biyar ba. Ki yafe mini, ki saurari wani."

Ta dube shi kamar ba ta gane yaren ba. Ta so ta zage shi, ta so ta riƙe masa riga, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tashi ta kama hanya, sai da ta wuce layin gidansu da nisa sannan ta lura.

Asabar matasa suka taru a harabar coci da bokitai da soso. Za a wanke bas tas, don ita za ta kwashi 'yan biki. Ana ta raha, ana watsa wa juna ruwa, wata ƙawarta da ake kira Aku saboda surutu tana ta tsokanar kowa. Yaya, ango guda, ya zo ya gaishe su daga bakin get, ya ce yana da uzuri.

"Haba ango, ba mu gane ba!" in ji Aku. "Motar bikinka ce fa! Wai kai me bas ɗin nan ta yi maka? Ko fikinik za mu sai ka ce tasi za ka hau!"

Aka yi dariya, Yaya ya yi yaƙe ya wuce. Auta ta shiga gaban mota da tsumma tana goge gilashi. Sabon direban, wani dattijo gajere mai son hira, ya leƙo ya ce ta ɗan matsa zai cire ledar ƙasa. Ya ja wani ƙarfe, kujerar ta zame baya da ƙara.

"Kin ga nan?" Ya nuna mata ƙarshen layin ƙarfen, inda ya goge har yana sheƙi. "Nan ne mazaunin Dogo. Ni in na bar ta a nan, ƙafata ko warin birki ba za ta ji ba. Kowane direba da nasa zama, 'yata. Kafin ka tayar da mota, kujera kake fara gyarawa. Shi kuwa an ce ko Fasto bai isa ya taɓa masa kujera ba."

Tsumman ya faɗi daga hannun Auta.

Ranar da abin ya faru, Auta ce ta biyu da ta fito daga kicin, da murfin tukunya a hannu. Hoton yana nan a idonta, ba dare ba rana: Dogo a kan sitiyari, gwiwoyinsa sun tokare shi har ƙirji, ya duƙunƙune kamar an cusa shi a kwali, yana ta kokawar kai hannu. Shekara huɗu tana ɗaukar abin a kan ruɗewa ce. Ashe kujerar ce take can gaba! Mutumin da ya zauna ya yi ribas ba dogo ba ne. Dogo ya faɗa ciki ne daga baya, don ya janye motar daga kan Mama.

To wane ne gajere? Wane ne a wancan lokacin ya ishi Dogo da naci a koya masa tuƙi? Wane ne bai ƙara sa ƙafa a motar nan ba tun daga ranar? Aku na kiranta, ba ta ko waiwaya ba.

Ta tarar da Mama ita kaɗai a falo, lokacin shafa magani ya yi. Auta ta ɗauko kwalbar man zafi, ta durƙusa, ta ɗora ƙafar a cinyarta kamar yadda ta saba kullum. Ƙafar ta ƙanƙance, tabon ɗinki ya bi ta daga gwiwa har idon sawu.

"Mama, zan tambaye ki wani abu. Ranar nan, kafin motar ta same ki, kin ga wanda ke tuƙi?"

Ƙafar ta motsa a hannunta.

"Wace irin tambaya ce wannan? Ai kowa ya sani."

"Ban tambayi kowa ba, ke na tambaya. Kujerar tana gaba, Mama. Na tuna yau. Dogo ba ya tuƙi da kujera a gaba."

Mama ta rufe fuska da gefen zaninta, kafaɗunta suka fara rawa.

"A madubi na gan shi," ta ce, da kyar ake ji. "Madubin gefe. Da na ji motar ta tashi na ɗago kai, sai muka haɗa ido da Yayanki. Yana neman birki ya taka wuta."

"Kin sani! Tun ranar kin sani!"

"Rufa mini asiri, Auta, rage murya..."

"Shekara huɗu! Ina shafa miki ƙafar nan safe da yamma, ina kuka a gabanki, kina kallona! Ranar jana'izar tsohuwarsa ke kika jagoranci waƙar mata, yana zaune a jikin ƙofa kamar baƙo!"

"Da na farfaɗo a asibiti na tarar an riga an ce Dogo ne. Yayanki ya zo ya kifa kai a gadona, ya ce in Babanku ya ji shi ya nakasa uwarsa, gara ya bi duniya, ko ya yi wa kansa abin da ba a faɗa. Ya ce ya roƙi Dogo, Dogo ya yi masa alkawarin ba zai tona ba. Na ɗauka yaron zai faɗi kalmomin nan, a yi masa addu'a, wata ɗaya a manta. Ina na san ba zai iya ƙarya a gaban bagade ba? Da wata ya zama shekara, sai kunya ta ƙaru a kan tsoro. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, 'yata. Shi kaɗai ne namiji gare ni."

"Ni kuma wace ce? Tsintata kika yi?"

Mama ta kama hannun Auta ta ƙanƙame.

"Saura mako ɗaya a gama sanarwarsa. In kika tashi a coci kika yi magana, auren ya mutu, Babanku ba zai ƙara ɗaga kai a cikin mutane ba. Na roƙe ki da nonon da kika sha."

Auta ta daɗe tana kallon ƙafar da ke cinyarta. A ranta ta ji kamar ta ture ta ta tashi. Amma ƙafar uwa ce, kuma ciwon da ke cikinta ba na ƙarya ba ne. Ta ƙara zuba mai a tafin hannu, ta ci gaba da shafawa har ta gama, ta naɗe ta da bandeji.

"Ba zan tashi ba, Mama. In mutumin da ba ɗanki ba ya rufa miki asiri shekara huɗu, ni ba zan tona ba. Litinin ta sama zai bar garin, ya ce in saurari wani. Ki kwantar da hankalinki, ɗanki zai yi aure."

Ta mayar da kwalbar inda take, ta je ta ɗora girkin yamma.

Wannan mako Auta ta yi shi ne kamar wadda aka zare wa laka. Ta je aiki, ta je firaktis, ta raka matan zumunta gaishe da marasa lafiya ranar Alhamis, ta riƙe wa Mama jaka. Ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, ba ta kuma yi dariya ba. In Yaya ya shigo ɗaki sai ta gaishe shi, shi kuma ya kasa kallon idonta. Addu'a ma ta gagare ta, in ta durƙusa, abin da ke fitowa kawai shi ne, "Ubangiji, kana gani." Ta lura Mama ta daina taɓa abinci, amma ba ta ce komai ba. Ranar Asabar ta goge farar rigar zumunta, ta rataye mata a ƙofa kamar kullum.

Lahadi ta uku coci ya cika har ana ƙaro kujeru. A cocin nan, in an karanta sanarwa ta ƙarshe ba wanda ya hana, Uwar Zumunta ce ke fitowa gaba ta ɗora wa masu auren hannu ta sa musu albarka. Yau kuwa ga uwar ango ga Uwar Zumunta a jiki ɗaya, mata sun shirya guɗa tun daga gida.

Baba ya hau mumbari, ya gyara tabarau. Ya kira Yaya da amaryarsa suka tsaya a gaba.

"Karo na uku, kuma na ƙarshe. In akwai wanda ya san wani dalili da zai hana wannan aure, ya faɗa yanzu."

Auta ta damƙe littafin waƙa har farcenta ya shiga bangon. Can baya ta hango Dogo, ya sa rigarsa mai kyau, ta san ta ban kwana ce. Tashi ɗaya za ta yi, kalma biyar, rayuwarta ta dawo. Ta rufe ido ta zauna daram, hawaye na bin kumatunta. Aku ta ɗauka na farin ciki ne, har tana dafa ta.

"Babu," in ji Baba da fara'a. "Uwar Zumunta, bismilla, gaba taki ce."

Mama ta dogara sanda ta miƙe. Ta fito tsakiyar hanya, ta tsaya tana kallon ɗanta. Sai ta juya masa baya.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ƙarar sandar kaɗai ake ji a kan siminti. Wata mata ta yi mata raɗa, "Mama, gaba ne!" Ba ta saurara ba. Ta wuce layin dattawa, ta wuce na mata, ta wuce na matasa, kawuna na juyawa suna bin ta, har ta isa jikin ƙofa. Dogo ya miƙe zumbur.

"Mama, lafiya? Ku zauna a kujera, ku bari in kawo..."

"Matsa, ɗana," ta ce, muryarta ta kai har mumbari. "Wurina ka zauna shekara huɗu. Kauce ka ba ni abina."

"Mama, don Allah kada ku..."

"Alkawarinka ne ya ɗaure ka, ni ban yi wa kowa alkawari ba." Ta juyo ta fuskanci jama'a. "Jama'ar Allah, yaron nan bai taka ni ba, ceto na ya zo yi. Na ga wanda ya taka ni da idona, na yi shiru saboda ni na haife shi. Ina tsaye a gabanku ina koya wa mata gaskiya, alhali ina kallon marayan Allah yana ɗauke da kayana. Ni na yi. Ku gafarta mini."

Ta zauna a bencin baya, ta ajiye sandar a ƙasa.

Abin da ya biyo baya ba guɗa ba ce. Yaya ya zube a gaban bagade yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Ni ne! Ni na ɗauki makullin! Baba, ni ne!" Amaryar ta ja da baya ta faɗa jikin uwarta. Takardar sanarwa ta suɓuce daga hannun Baba ta sauka a ƙasa, bai ko duba ta ba. Ya sauko daga mumbari yana dafa kujeru kamar wanda ya tsufa a minti ɗaya, ya bi hanyar da matarsa ta bi. Da ya isa gaban Dogo sai ya buɗe baki, mutumin da ya shekara goma sha tara yana magana a gaban jama'a, ya rasa kalma ko ɗaya. Gwiwoyinsa suka tafi ƙasa, Dogo ya tare shi kafin su kai.

"Haba Baba! Ni ɗanku ne."

Auta ba ta san lokacin da ta bar kujerun kwaya ba. Ta tsinci kanta a durƙushe gaban Mama, ta kifa kai a cinyarta, su biyun suna kuka ba mai lallashin wani.

Gaskiya ta fito, amma ba ta fito kyauta ba. An ɗage auren Yaya, iyayen yarinyar suka ce sai sun yi tunani, har yau kuma suna tunanin. Mama ta ajiye shugabancin zumunta, ita da ɗanta suka yi wata shida a bencin baya, kafaɗa da kafaɗa. Baba ya nemi ya sauka daga aikinsa, Fasto ya ce ba zai karɓi takardar ba sai ya karanta sanarwa guda da ta daɗe tana jiransa. Ya karanta ta Lahadi uku a jere, kowane karo sai ya cire tabarau ya goge. Dogo bai tafi ranar Litinin ba. An mayar masa da makulli, abin da ya fara yi kuwa shi ne tura kujera can baya.

Ranar auren, da aka fito daga coci ana ta hotuna, Auta ta nemi angonta ta rasa. Ta same shi a ɗan ɗakin ajiya na bayan mumbari, yana tsaye gaban tsohuwar tsintsiyar da uwarsa ta bari, wadda ba wanda ya yi ƙarfin halin jefarwa.

"Ta tafi tana zaton ɗanta mai girman kai ne," ya ce, bai juyo ba. "Sau uku tana roƙona in tashi in nemi gafara."

Auta ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, don ya riga ya yi wanda ya fi na kowa. Ta riƙe hannunsa kawai, suka tsaya har aka zo kiransu.

Mahaƙurci mawadaci ne, wannan gaskiya ne, ga shi kuwa Auta da Dogo sun gani. Amma ku iyaye, ku ji da kyau: duk laifin da kuka rufe wa ɗanku, ba ɓacewa yake ba, a kan ɗan wani yake sauka. Kuma ko an wanke mutum daga baya, shekarun da ya yi a bencin baya ba mai mayar masa da su.